Shekarar da Kawu Ya Yanke Sandar Zurma

Kawu,

Gaisuwa da ban girma daga 'yarka ta nesa. Ina fatan ƙafar nan ta dama ta daina yi maka tsiya da safe, kuma maganin da na aiko shafawa kake yi, ba ajiye shi ka yi a kan taga yana shan rana ba. Mu nan lafiya lau. Maigidana Mai Tsani yana gaishe ka. Har yanzu yana nan yana hawa turakun wutar lantarki, yana dawowa gida da hannu baƙi ƙirin yana nema ya taɓa min labule. Yaran ajina ma suna nan da surutunsu.

Na so in kira ka a waya, sai na tuna yadda muka yi wancan karon, ina ta ɗaga murya a matakalar bene har maƙwabta suka leƙo, kai kuma kana ta ce min "to, to" alhali ba abin da kunnenka ya kama. Shi ya sa na koma wa biro.

Maganar tana yi min nauyi a baki, gara ma da takarda ce. Ba ka taɓa ganin ɗakin nan namu ba. Gado ne da tebur da kujera biyu, in mutum ɗaya ya miƙe sai ɗayan ya zauna. To likita ta ce idan ruwan bana ya ɗauke, za mu zama mu uku a cikinsa.

Na yi murna, Kawu, amma ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Likitar ta tambaye ni yadda mahaifiyata ta haife ni. Na gaya mata abin da na sani, cewa ni na shigo ita ta fita, ƙanenta ya ɗauke ni ya raina. Ta sake ɗaura min abin awon jini a hannu, ta ce nawa ma yana son hawa, za su sa min ido.

Abu ɗaya nake roƙo. Akwai wani dogon benci a ƙofar ɗakin haihuwa inda dangi ke zama. Ba aikin da za ka yi, so nake kawai in san kana kansa.

Na san da wa nake ja. Yaya Zurma, wato gonar zurmarka, ita ce babbar 'yarka, ni ƙanwa ce. Ranar da na gama makaranta kana can kana tsinkar kawunan zurma karo na biyu. Ranar aurena ka zo da safe, kafin la'asar ka kama hanya wai kwanso ya fara fashewa. Ban taɓa riƙe ka ba. Wannan karon dai ka roƙar min ita ta ara min kai.

Taka,
Kaska (har yau ban yafe maka sunan nan ba)

*

Kaska,

Takardarki ta iso ta hannun direban motar mai. Ta sha maiƙo a gefe ɗaya, amma rubutun ya karantu. Ina lafiya. Ƙafa tana nan tana halinta, ni ma ina nawa. Ki gaida Mai Tsani, ki ce ya riƙa duba tsanin kafin ya taka, yanzu ba kansa kaɗai yake ɗauke da shi ba.

Na karanta abin da kika rubuta, na fita gindin bishiya na sake karantawa. Allah ya raba lafiya, ya sa mai albarka ne. Ki bi maganar likita, ki rage gishiri da yawan tunani.

Sunan kuwa ba zan janye ba. Yarinyar da tun tana rarrafe ta maƙale min a ƙafar wando, ina noma ina janta, wane suna zan ba ta?

Ga labarin gona. Kin tuna sandar awo, wadda ke kai min ƙirji, wadda kike ja a ƙasa kina cewa dokinki ce? Na sa mata zarto. Abin da ya rage bai kai min ƙugu ba. Da ita na auna shukar zurmar bana, tsakanin rami da rami da kuma tsakanin layi da layi. Inda a da nake sa rami ɗaya yanzu akwai huɗu, wani wurin ma fiye. Iri ya ƙare min a tsakiyar gona, sai da na buɗe tulun da na ajiye don baɗi. Baya ya faɗa min gaskiya, don sunkuyawar ta ninka.

Ruwan shuka ya sauka yadda ake so, ƙasa ta jiƙu har tsawon hannu. Maƙwabcina Sarkin Surutu ya tsaya a kan iyaka da awakinsa, ya daɗe yana kallona, sannan ya matso kusa da kunnena ya tambaya ko albasa na koma dasawa. Na ce masa ya kula da awakinsa, kada su ci abin da zai hutar da su gaba ɗaya, don zurma guba ce.

Sun fara tsirowa, layi-layi kamar haƙoran mataji. Zan bar ɗaya-ɗaya a kowane rami.

Zancen tafiya kuwa, ba na son in riga Allah magana. Mu ga abin da damina za ta yi.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Na ji daɗi da ƙafa ta lafa. Ni ma da sauƙi, sai dai takalmana duk sun matse ni, silifas ɗin Mai Tsani nake ja zuwa makaranta yara suna dariya a ɓoye.

Na karanta wasiƙarka har sau uku, ina neman inda na tsallake. Ban tsallake komai ba. Na rubuto maka maganar rai, ka ba ni layi uku, ka ba wa sanda shafi guda. Na ajiye takardar a kan tebur na yi kuka, ba kuma laulayi ne ya sa ni ba.

Kuma ban gane ka ba. Ba kai ba ne ka raine ni da cewa zurma ba ta son kafaɗar 'yar'uwarta? Kai ne ke cewa a bar mata fili har jaki ya kwanta a tsakani, ta yi rassa, kowane reshe ya ɗauko kansa, a yi ta tsinka har tsakiyar rani. Na taɓa shan faɗa don na bar tsiro biyu a rami ɗaya saboda tausayi. Ka ce tausayin da zai hana ganye ganin rana mugunta ce. Yau kai ne da rami huɗu a wurin ɗaya.

Na yi ta juya abin, amsa ɗaya na samu. Buhuna kake so su ƙaru. Wani ya zuga ka cewa yawan tsiro shi ne yawan amfani, ka ɗauka, a shekarar da na fi bukatarka. Gonar da a da take cin rabin shekararka, yanzu ka ninka mata baki huɗu. Yaushe za ka ɗaga kai?

Ba sai ka wahalar da kanka da neman yadda za ka ce min a'a ba. Yayar Mai Tsani ta ce za ta zo ta zauna da ni. Mutuniyar kirki ce, tana da hannu mai sanyi. Bencin ba zai rasa mai zama ba.

Ka gaida Yaya Zurma. Ka ce mata ta ci nasara, kamar kullum.

'Yarka

*

Kaska,

Sallama da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi da mai gidanki. Shirun ya yi yawa. Na je bakin titi na tari direba, ya nuna min da hannu cewa ruwa ya cinye gada, motoci zagaye suke yi, jakar wasiƙu tana can tsallake. Na ce to, in dai gada ce da sauƙi. Zan ba shi wannan, ta iso ranar da ta iso.

Ni lafiya, sai mura da ta zo ta tafi.

Zurma ta kai min kafaɗa. Sirara ne, dogaye, kowace tana rige-rigen leƙa rana. Ganye ya haɗe a sama, in kin shiga ciki duhu ne kamar ɗaki, ciyawa ma ta kasa fitowa, na huta da noma na biyu. Abin da ya fi faranta min rai, babu rassa. Na bi layi-layi ina dubawa, da ƙyar na ga mai reshe ɗaya. Kowace kai ɗaya ta ɗauko a tsakiya, kuma kusan tare suka yi fure. Na tsaya a tsakiyar gona na yi hamdala.

Sarkin Surutu yana yawo da ni a gari wai tsufa ya taɓa min kai. Jiya har ya kawo mutum biyu kallo. Amfanin kurumta ke nan, bakinsu kawai nake gani yana motsi.

Ruwa dai ya yi yawa bana. Ki taya ni roƙon rana.

Ki rubuto ko layi biyu ne. Ina so in san abin da awon jini yake cewa.

Kawunki

*

Kawuna,

Ina gaishe ka gaisuwar mai jin kunya. Wasiƙarka ta iso jiya bayan doguwar tafiya. Idan tawa ta baya ba ta riga ta iso ba, don Allah ka karɓa daga hannun direba ka sa a murhu ba tare da ka buɗe ba.

Lafiyata: jinin ya hau, likita ta hana ni zuwa makaranta. Kwance nake a gefen hagu yini guda, ƙafafu a kan matashi. Ta taga ba na ganin komai sai igiyar shanya da tankin ruwan gidan da ke kallonmu. Mai Tsani ya koyi dafa abinci. Ba zan ce komai a kan wannan ba, saboda yana iya karantawa.

Da na fara karanta wasiƙarka hankalina ya tashi. Na ce Kawu yana hamdala don zurma ta ƙi yin reshe, lallai Sarkin Surutu ya yi gaskiya. Har na fara tunanin wa zan tura ya duba ka.

To mai kwanciya ba ya rasa tunani. Ina kallon igiyar shanya sai na tuna shekarar da buhun iri ya ɓarke mana a kusurwar gona wajen shinge, muka kasa tsince shi duka. Suka fito cunkus. Ka bar su don ka nuna min. Suka yi tsawo, ba reshe, kai ɗaya-ɗaya, suka bushe tare, muka yanke su a yini guda tun sauran gonar tana kore shar. Ka ce min, "Kin ga masu gaggawa, sun zo da wuri, sun zo da kaɗan." Sauran kuwa muka yi ta zagayarsu da kwando wata da watanni.

Sai na tashi zaune, abin da aka hana ni.

Kawu, ba buhu kake nema ba. So kake ta nuna gaba ɗaya ka yanke ka rufe gona kafin lokacina. Tun ranar da ka fita gindin bishiya ka sake karanta wasiƙata ka ba ni amsa, da zarto ka ba ni ita, ni kuma na zauna ina ƙirga layukan da ka rubuta. Kai da ka fi kowa sanin abin da matsi yake yi wa zurma, ka san abin da za ka rasa tun kafin ka huda rami na farko.

Me ya hana ka faɗa min? Da na hana ka. Ko kuwa da ban hana ba, ban sani ba. Na yi kuka na biyu, wannan ya fi na farko daɗi.

Ka yafe min bakina. Gadonsa na yi, ka san a wurin wa.

Taka har abada,
Kaska

*

Kaska,

Lafiya lau nake, ina fatan ke ma haka. Ki koma ki kwanta a gefen hagun nan, kada in sake jin kin tashi zaune saboda ni.

An gyara gada, wasiƙunki biyu suka iso rana ɗaya. Da ta farkon na fara, don ba a rubuta a bayanta cewa ta murhu ce ba. Na sha faɗa na ƙoshi. Na ce lallai yarinyar nan da sauran ƙarfinta, hakan ma ya kwantar min da hankali. Ba abin yafewa.

Abin da ya hana ni faɗa miki, ban san ko zai yiwu ba. Ina tsoron in ce miki ga ni nan, ki sa ido a ƙofa, gona ta riƙe ni. Kin sha wannan a hannuna, ban so ki ƙara ba.

Ba da ka na yi ba. Kafin in taɓa sandar sai da na je wurin malamin gona, wanda shekara da shekaru nake wucewa ta gaban ofishinsa ina kau da kai. Yaron kirki ne, ya zaunar da ni ya yi ta zana min a takarda saboda kunnena. Ya ce tazarar da nake bari ta yi yawa, in na rage ta tsaka-tsaki kowace za ta ba da kaɗan amma gonar gaba ɗaya ba za ta gaza ba, wataƙila ma ta fi. Ya ce amma kada in wuce nan, don in suka matsu sosai za su yi ta faɗa a kan rana da ruwa, kawunan su gajarce, iska ta kasa ratsawa, in damina ta yi nauyi ruɓa ta shiga. Na tambaye shi a wace tazara ce ba za su yi reshe ba sam. Ya nuna min da hannu, ya ce bai ba ni shawarar haka ba. Na gode masa, na zo na yanke a inda ya hana.

Duk abin da ya faɗa ya faru. Gefen kwari inda ruwa ke kwanciya, kawunan sun yi furfura sun ruɓe, na sare su na ƙone. Na tudu sun tsira, sai dai gajeru ne, ƙwayar ma ba ta cika kamar yadda kika sani ba. In na sami rabin na bara na gode Allah. Ba zan ce miki bai yi min ciwo ba. Ranar da nake ƙona na kwari ban iya cin abinci ba.

Amma kwanso ya fara juyawa, kuma tare yake juyawa. Rana kawai nake jira. In ta fito ta tsaya, aikin bai fi na 'yan kwanaki ba. Ki ce wa wanda ke ciki ya yi haƙuri, kada ya yi halin masu gaggawa.

Kawunki

*

Kaska,

Gaisuwa a tsaye, direba yana jira.

Rana ta fito. Na yanke, na shanya, na sussuke, na ɗure. Sarkin Surutu ne ya taya ni, da ya ji dalili bakinsa ya mutu, abin da ban taɓa gani ba. Shi zai riƙe min makullin ɗaki.

Ban bar kai ko ɗaya a gona ba. Na tsaya na duba, fili fetal, ba abin da zai fashe a bayana. Ban san haka hutu yake ba.

Motar jibi zan biyo. Ki ce wa Mai Tsani ya zo tasha, kuma kada ya tsaya kiran suna, ya ɗaga hannu kawai.

Kawunki

*

Kawu,

Wannan ba ta bukatar direba. Ma'aikaciyar jinya mai gilashi za ta miƙo maka, don sun ce maza ba sa shigowa sai an jima, kuma ko na yi kira ba ji za ka yi ba. Ka yi haƙuri da rubutun, akwai allurar ƙarin ruwa a hannuna.

Ina nan da raina. Mace ce. Ƙarama ce amma likita ta ce komai nata ya cika. An sha wuya, akwai lokacin da na ga fuskokinsu sun canza, na ji ina nisa. Da aka turo ni a gado za a shiga da ni, na juya kai na hango hularka a ƙarshen benci, kana zaune ka dafa gwiwa kamar mai jiran ruwan shuka. Ita na yi ta riƙewa a raina har na dawo.

Ta kama min yatsa ta ƙi saki. Kada ka kuskura ka ce komai a kan suna.

Ka ci wani abu. An ce tun da ka zauna ba ka motsa ba.

Kaska

*

(A bayan takardar)

'Yata,

Alhamdu lillahi. Ban ji kukanta ba, kin san kunnena. Mai Tsani na gani ya sulale ya zauna a ƙasa yana dariya hawaye na zuba, sai na gane. Na yi wa mahaifiyarki addu'a, na gaya mata kin haye.

Zan ci abinci in na gan ki.

Ranar da zan taho, Sarkin Surutu ya tambaye ni ko zan saro sabuwar doguwar sanda baɗi. Na ce zan saro wadda ta ɗan ɗara ta bana tsawo, daidai inda malamin gona ya nuna, saboda ruɓa. Amma doguwar ta tafi ke nan. Wanda yake da jika a nesa ba ya shuka abin da zai riƙe shi har rani.

Ki matsa mata ta yi barci. Ina nan a kan benci.

Kawunki